Malamar 'Yan Tawayen Zariya

Duk wanda ya zauna a ajin zane ya ji labarin 'Yan Tawayen Zariya, watau su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ɗalibai ne a kwalejin Samaru, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 suka kafa ƙungiyarsu, suka ce ba su yarda su riƙa kwaikwayon Turawa kaɗai ba, sai sun haɗa da fasahar gida. Sunayensu muke haddacewa domin jarrabawa. To, amma wa ya koyar da su? Cikin malamansu akwai mace, Clara Ugbodaga-Ngu, ita kuwa ba safai ake ambatonta ba.

A Kano aka haife ta a 1921. Ta yi karatu a makarantar zane ta Chelsea a Landan, sa'an nan ta kama koyarwa a Samaru a 1955, zamanin da Turawa suka cika sashen. A 1958 ta baje zane-zanenta a Landan.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abubuwan da ta ga sun cancanci a zana. A 1960 ta yi wani zane wanda ba hoton kowa ba ne, launi ne da siffofi, mai kallo shi zai yi tunani. A 1961 kuma ta zana mata 'yan kasuwa. Ni dai na sha raka Inna kasuwar Sabon Gari, na ga masu tattasai da busasshen kifi suna zaune tun safe har la'asar, wasu da goyo, kowa na tayi ya wuce. Ashe akwai wadda ta tsaya ta dubi irinsu, ta ce wannan aiki ne, a sa shi a bango a gani.

Ina aji biyar. Mu uku ne mata da muka saura a darasin zane, sauran iyaye sun ce su bari. Ni ma Baba ya ce aikin jinya ya fi dacewa da 'ya mace, na roƙe shi ya bar ni zuwa ƙarshen shekara. Iyayenmu, in kun zo ranar ziyara, don Allah ku leƙa ɗakin zane. Nawa yana kusa da taga, tsohuwa ce mai sayar da daddawa.