Muryar Mace A Tsakiyar Ƙarar Inji

A wannan wata za mu ɗan ajiye maganar jarrabawa da kuɗin makaranta, mu taɓa zancen wani kiɗa na Turai da Amurka wanda muka daɗe muna saurare. Mai yiwuwa wani dattijo ya ce, ina ruwan malamin makaranta da kiɗan Turawa? To, a yi mana haƙuri a bi mu zuwa ƙarshe, domin zancen zai dawo kan 'ya'yanmu mata da ke zaune a aji.

Mu da muka tashi a zangunan Kumasi a shekarun 1990, kunnuwanmu sun saba da hailaif da rege da waƙoƙin Indiya. Sai da muka shiga kwalejin horon malamai ne muka fara jin wannan kiɗa, a kasakasai da 'yan'uwan abokanmu ke aikowa daga Landan. Ranar farko mun ɗauka rediyon ce ta lalace. Ƙara ce kamar ta injin niƙa, ganguna na tafiya a hankali kamar hawainiya, sannan can sama sai ga muryar mace, siririya, ba ta gaggawa. Duk wanda ya taɓa ratsa Suame Magazine da hantsi, inda makanikai da masu walda ke ta dukan ƙarfe, ya jiyo mai tallan koko tana kiran ciniki a cikin hayaniyar, to ya san abin da muke nufi.

Wannan kiɗa rafuka biyu ne suka haɗu. Na farko shi ne wanda za mu kira kiɗan masana'anta. Sunan ya fito ne daga kamfanin faifai na Industrial Records, wanda ƙungiyar Throbbing Gristle ta kafa a Ingila a 1976, kuma tun a lokacin akwai mace a cikinsu, Cosey Fanni Tutti, mai kaɗa gita. A 1980 wasu matasa a Balin ta Jamus, Einstürzende Neubauten, suka riƙa kiɗa da tsofaffin ƙarafa da injin huda bango. Daga baya Amurkawa irin su Trent Reznor na Nine Inch Nails suka gauraya wannan ƙara da gitar rok, har faifansa The Downward Spiral na 1994 ya shiga gidajen miliyoyin mutane. Galibin masu wannan kiɗa maza ne, kuma waƙar tasu ihu ce da fushi.

Rafi na biyu daga Biristol ya ɓullo, birnin tashar jiragen ruwa a yammacin Ingila. Ya kamata mu san wannan birni, domin a ƙarni na 18 jiragensa na zuwa gaɓar tekunmu ta Afirka ta Yamma suna ɗibar bayi. Bayan yaƙin duniya na biyu, jikokin waɗanda aka kai tsibiran Karibiyan suka zo Biristol neman aiki, da yawansu suka zauna a unguwar St Pauls. 'Yan tsiraru ne a ƙasar da suka sami kansu, kamar yadda muke a nan. Sun zo da al'adar Jamaika ta jera manyan lasifikoki a yi biki a fili. Daga cikin wannan ne ƙungiyar Massive Attack ta fito da faifan Blue Lines a 1991, inda Shara Nelson ta rera waƙa. A 1994 Portishead ta fitar da Dummy da muryar Beth Gibbons, faifan da ya ci kyautar Mercury a 1995. A wannan shekara ta 1995 kuma Tricky ya fitar da Maxinquaye, wanda ya raɗa wa sunan mahaifiyarsa marigayiya, kuma Martina Topley-Bird ce ta rera yawancin waƙoƙin. 'Yan jarida suka kira salon tirip-hop. Yadda ake yin sa shi ne, a yanko guntun sauti daga tsohon faifai, a rage masa gudu, a riƙa maimaita shi, a ƙara kaurin ganga a ƙasa. 'Yan Portishead har sukan ɗauki kiɗansu a faifan garmaho, su goge shi da gangan don ya riƙa ƙarar tsufa.

To, sai wasu suka ce me zai hana a haɗa biyun? A Landan Toni Halliday da Dean Garcia na ƙungiyar Curve sun share hanya da faifan Doppelgänger a 1992. A birnin Madison na Amurka, makaɗa uku, cikinsu har da Butch Vig wanda ya tsara faifan Nevermind na Nirvana, suna neman mai waƙa. Ɗayansu ya ga wata 'yar Sikotland, Shirley Manson, a talabijin ta MTV, suka gayyace ta. Ƙungiyar suka sa mata suna Garbage, wato shara, kuma faifansu na farko ya fito a 1995. A 1999 su ne suka yi waƙar fim ɗin James Bond na shekarar. A Los Anjalis kuma akwai Collide da Kidneythieves, kowacce mace ɗaya da namiji ɗaya.

Abin da ya riƙe mu a wannan kiɗa shi ne, mawaƙiyar ba ta takara da injin. Da za ta ɗaga murya don ta fi ƙarar, da ta sha kaye. Sai ta sassauta, wani lokaci kamar raɗa, dole mai saurare ya kasa kunne. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu mata sun daɗe suna ɗora waƙa a kan luguden turmi da gurzar dutsen niƙa, kuma marigayiya Barmani Choge ta yi suna da ƙwarya kawai. Ba mu ce Turawan daga nan suka koya ba, amma kunnen da ya san lugude ba zai yi wuyar gane wannan ba. Mu kanmu a aji mun koyi darasin: ajin yara sittin ba a cin sa da ihu, idan malami ya rage murya sai ka ji an yi tsit.

Sai dai akwai abin lura, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. A yawancin ƙungiyoyin nan, macen tana gaba, hotonta ne a bangon faifai, amma maza ne ke zaune a kan na'urar haɗa sauti. Dubi abin da ya faru da Kelli Dayton ta ƙungiyar Sneaker Pimps. Muryarta ce ta ɗauki faifan Becoming X na 1996 ta kai shi duniya, amma a 1998 abokan aikinta suka sallame ta, ɗayansu ya karɓi waƙar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ita kuwa Shirley Manson ba ta tsaya a murya ba. Ta riƙa rubuta baitocin, kuma sunan ƙungiyar duka, har da ita, ake sawa a matsayin masu tsara faifan, ga shi sun haura shekara 30 tare. Su ma 'yan Collide sun kafa kamfaninsu na kansu, Noiseplus, don kada wani ya riƙe musu wuya. Wanda ya iya na'ura kuma ya mallaki aikinsa, ba a korarsa da sauƙi.

Yanzu mu dawo gida. A makarantar da muke koyarwa, kwamfutocin ba su kai yawan yara ba, sai a zauna huɗu ko biyar a kan guda. Mun daɗe muna lura cewa da an buɗe ƙofa, yara maza ne ke rugawa su kama kujera, 'yan matan kuma su tsaya a baya suna leƙe. Ranar bikin raba kyaututtuka kuwa, su 'yan matan ake sawa gaba su yi waƙar maraba, yaro namiji yana riƙe da lasifika. Wannan tsari ɗaya ne da na Sneaker Pimps, a ƙaramin sikeli. Shi ya sa muka sa doka a ajinmu cewa rabin lokacin darasi yarinya ce a kujera. Da manhajar Audacity, wadda kyauta ce, mun sa su ɗauko ƙarar turmi da keken ɗinki da injin markaɗe a waya, su yanka, su jera, su ɗora muryarsu. Ba mawaƙa muke son su zama ba. Yarinyar da ta iya wannan za ta iya aikin gidan rediyo, ta iya haɗa tallan sana'ar mahaifiyarta, kuma ta daina jin tsoron taɓa na'ura.

Ba mu ce a sake wa yara kowace waƙa ba. Da yawa daga baitocin wannan kiɗa na baƙin ciki ne da ɓacin soyayya, wasu kuma ba su dace da kunnen yaro ba ko kaɗan, don haka tacewa aikin babba ne. Roƙonmu ga iyaye a zangunanmu shi ne, idan 'yarku ta ce za ta tsaya bayan tashi don darasin kwamfuta, a ɗaga mata tallan yamma ko da sau ɗaya a mako. Ga 'yan'uwanmu malamai kuma, mu riƙa duba wanda ke kan kujera da wanda ke tsaye a baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu kwana nan, sai wata mai zuwa idan rai ya kai mu.