Hoto ɗaya ba ya zama shaida

Ƙwayar azurfa mai faɗin nanomita 20 ba ta ganuwa a madubin likita, komai tsadarsa. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, haske kuwa ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200. Hanyar tsallake wannan shingen ce Ernst Ruska da Max Knoll suka buɗe a Balin a 1931, da suka sa ilektiron a gurbin haske, maganaɗisu a gurbin gilashi. Da irin wannan na'ura, wadda ake kira TEM, Sumio Iijima ya bayyana siraran bututan kabon a Japan a 1991. Da ita ni ma nake duba ƙwayoyin azurfa da muke haɗawa da ruwan ganyen zogale, kuma ta koya mini taka tsantsan da abin da idona ya gani.

Darasin farko, aiki yana gyaruwa ko ya lalace tun kafin a kunna na'ura. Ana tsarma samfurin cikin etanol, a girgiza shi da na'urar sauti don ƙwayoyin su warwatse, sannan a ɗiga ɗigo ɗaya kan wata ragar tagulla mai faɗin milimita 3, a bar shi ya bushe. Da ɗan hantsaki ake ɗaukar ragar, numfashi mai ƙarfi ma yana iya ture ta daga tebur. Idan ruwan ya yi kauri, ƙwayoyin za su dunƙule lokacin bushewa, mai kallo ya ɗauka haka suke tun asali. Ilektiron kuma ba ya ratsa abu mai kauri. Samfurin da ya wuce nanomita 100 sau da yawa duhu kawai yake bayarwa.

Na biyu, kallon kansa yana taɓa abin da ake kallo. Ilektiron ɗin da aka cilla da ƙarfin kilobolt 200 ba ya wucewa salin alin. Ka daɗe a wuri ɗaya, sai ka ga ƙwayoyi biyu suna matsowa suna haɗewa, ko wani baƙin tabo na kabon yana taruwa daga ragowar ruwan ganye. Shi ya sa gwanaye ke saita na'ura a gefe, sai sun gama su matsa inda suke so, su ɗauki hoto nan take.

Na uku ya fi sauran nauyi. Abin da hoto ɗaya ke nunawa ɗan mitsitsin yanki ne na ɗigo ɗaya, kuma ido yana son wurin da ƙwayoyi suka jeru tsaf. Mai sayen gero ba ya yarda da na bakin buhu, sai ya tura hannu can ciki. Haka nan dole a zaga ragar, a ɗauki hotuna daga wurare dabam dabam, a auna ɗaruruwan ƙwayoyi kafin a ce ga matsakaicin girmansu. Daga nan a gwada sakamakon da awon XRD, wanda ke tattaro labari daga samfuri mai yawa lokaci guda. In sun yi hannun riga, akwai tambayar da ba a amsa ba.

Ɗalibanmu da yawa ba sa zama gaban na'urar da kansu. Aika samfuri suke yi wata jami'a ko wata ƙasa, a turo musu hoto biyu ko uku ta imel. Shawarata gare su ita ce su nemi hotuna na nesa da na kusa, kowanne da ma'aunin tsayi a jikinsa, su kuma tambayi yadda aka shirya samfurin. Wanda bai san waɗannan ba, ranar kare kundi zai rasa amsar tambayar farko.