Yini Guda A Kasuwar Ladipo Da Tsohuwar Fijo

Motar mahaifina ce na gada, Peugeot 504 doguwar nan mai kujeru layi uku, wadda mutanenmu ke kira Fijo. Ana saura kwana huɗu mu tashi daga Ikko zuwa gida da iyali, sai na lura ko ɗan rami ta taka sai gindinta ya dinga rawa kamar kwalekwale, ga kuma wata ƙara daga ƙasa. Bakanikenmu na Idi-Araba ya danna bayanta da hannu biyu ya saki, ta yi sama ta yi ƙasa har sau uku kafin ta natsu. Ya ce, “Malam, shokozoba sun mutu. In ka ɗora mata yara da kaya a haka, ban ce za ta kai ku Jabba lafiya ba.” Shi ke nan, sai Ladipo.

Ita dai Ladipo a Mushin take, dab da babbar hanyar Oshodi zuwa Apapa. Mai karatu na Kano ya ƙaddara Ƙofar Ruwa, na Kaduna kuwa Panteka, sa'an nan ya ƙara cunkoso da hayaniya. Yawancin masu rumfunan Ibo ne, kayansu kuma galibi tokumbo ne, wato kwancen motocin ƙasashen waje da ake saukewa daga jirgin ruwa. Ga injuna tuli-tuli, ga ƙofofin mota a jingine kamar alluna a tsangaya, ƙasa kuwa ta sha baƙin mai har ta ƙoshi. Tun ba ka kashe mota ba 'yan kamasho sun yanyame ka, kowa na rantsuwa ɗan'uwansa ne kaɗai ke da abin da kake nema, alhali ba ka ma faɗi abin ba.

Allah Sarki, Fijo! Motar da aka fito da ita a Faransa a 1968, wadda masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975 ta yi ta harhaɗawa har bayan shekarar 2000, yau sai da muka keta lungu biyar kafin mu sami wani dattijo mai ajiye kayanta.

A gabansa na ga abin da ake kira sanin sana'a. Bakanike ya ɗauki shokozoba ya tsayar da ita a ƙasa, ya ja, ya danna. Mai rai takan yi gardama daga farko har ƙarshe. Wadda ta tafi salin-alin, ko mai ya yi mata naso a wuya, ta gama yayi. Wata da ta sha sabon fenti tana ƙyalli, ko taɓa ta bai yi ba, dattijon kuwa ya yi murmushi ya mayar da ita ƙarƙashin tebur.

Da aka ɗaga motar a jak aka tokare ta, sai ga wata sabuwa. Doguwar Fijo sifirin huɗu gare ta a baya, bibbiyu kowane gefe, ɗaya na hagu kuwa ya tsage. Na nemi a canja shi kaɗai saboda aljihu, bakanike ya ƙi. Ya ce kayan ƙafa ba a yi musu gwauro, abin da aka sa a hagu shi ake sawa a dama, in ba haka ba mota ta karkace, ta cinye taya. Robobin bushin ma duk sun rududduge, aka sake su. Wani noti da tsatsa ta kama ya ci mana kusan awa guda. Bai kuma ƙarasa ɗaure notunan bushin ba sai da aka sauke motar ta tsaya da nauyinta, don kada robar ta murɗe ta yage da wuri.

La'asar sakaliya muka fito, kuɗin tsarabata sun tafi kaf. Ran tafiya kuwa muka haye gadar Jabba yara uku suna barci a kujerar ƙarshe, ba wanda ya motsa.