Ina 'Yan Amshi?

A ƙarshen shekarar 2019 wani ƙanena da ke karatu a Sakkwato ya zo hutu gida Talata Mafara, ya kawo mini wani fim a cikin kwamfutarsa. Fim ɗin kan ƙuruciyar Tolkien ne, wato marubucin nan na Ingila wanda littafinsa The Hobbit ya fito a 1937, shekarar da aka buga littafi na ɗaya na Magana Jari Ce. An nuna yadda ya tashi maraya a Birmingham, da abokansa uku na makaranta, da yarinyar da ya aura daga baya, sai kuma yaƙin duniya na ɗaya, inda ya tsinci kansa a fagen daga na Somme a ƙasar Faransa a 1916. Na kalla har sau biyu a daren nan. Kafin gari ya waye na ƙudurta cewa ni ma sai na rubuta irinsa a kan wani namu.

Ban sha wahalar zaɓe ba. Alhaji Musa Ɗanƙwairo nan kusa da mu aka haife shi, a ƙasar Bakura, wajen 1909, ya girma a Maradun, ya rasu a 1991. Na san akwai 'yan'uwa a ƙungiyarmu da za su ce makaɗi ba marubuci ba ne. To, a bar wannan gardama zuwa wani taron. Ni dai ban ga abin da alƙalami ya tsara wanda bakin wannan bawan Allah bai tsara ba.

Wata huɗu na yi ina rubutu bayan na taso daga makarantar da nake koyarwa. Fitowa ta farko ita ce abin alfaharina. Ga yaro ɗan shekara bakwai shi kaɗai a bakin gulbi da hantsi, ya ji kukan wani tsuntsu, ya kwaikwaya, sai waƙa ta ɓalle masa. Can gaba kuma na sa ya hangi ayarin wani basarake, ya tsaya ya ƙura masa ido, don mai kallo ya ce a ransa, lalle wannan shi zai yi wa Sardauna waƙa wata rana. Wannan dabara ba tawa ba ce, daga fim ɗin Baturen na ɗauko ta. A can an nuna Tolkien cikin zazzaɓi a ramin yaƙi yana ganin dodanni masu aman wuta a cikin hayaƙi, wai don a nuna mana inda dodannin littattafansa suka fito.

Da na gama sai na ɗauki takarduna na nufi Maradun wurin wani kawuna, tsoho ne da ya haura tamanin, wanda ya sha ganin Ɗanƙwairo da jama'arsa a ƙofar fada. Na zauna gefen tabarmarsa na karanta masa shafi kusan goma. Bai katse ni ba, yana ta jan carbi. Da na tsaya sai ya ce, “Ɗana, mi kac ce sunan yaron ga?” Na ce, “Kawu, ai Musa ne.” Ya ce, “To ina ubanai? Ina Kurna? Ina 'yan amshi? Wa ka barin ɗan makaɗa shi ɗai bakin gulbi shina magana da tsuntsu?”

Na yi dariyar yaƙe, amma raina ya ɓaci, don wata huɗu ba kwana huɗu ba ne. Sai a mota kan hanyar komawa gida maganar ta zauna mini.

Abin da aka sani na tashin Ɗanƙwairo, wanda masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka tattara, duk ya saɓa wa abin da na rubuta. Gidan kiɗa ya buɗi ido. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, kakansa ma haka. Tun yana ƙarami yake bin uban wurin kiɗa yana amshi. Ko sunan da duniya ta san shi da shi aro ne: akwai wani mai zaƙin murya a cikin yaran mahaifinsa da ake kira Ƙwairo, da aka ji muryar Musa ta yi kama da tasa sai aka ce ga ɗan Ƙwairo. Bayan rasuwar uban kuma ba shi ya gaje shi ba, wansa Kurna ne ya zama shugaba, shi kuwa ya zauna a matsayin Daudun Kiɗi, wato mataimaki, shekara da shekaru kafin ya ja tasa ƙungiyar. Duk wanda ya saurari faifansa da kunnen basira zai ji wannan tarbiyya. Shi ya ɗauko ɗa, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, wani sa'in su yi ƙari, kotso na tafe a ƙarƙashi, har mutum ya rasa inda bakin jagora ya tsaya na yaransa ya fara. Mutumin da waƙarsa ke tafiya haka, ni na ɗauke shi na ajiye a bakin ruwa ba kowa.

Na sake kallon fim ɗin Tolkien bayan wannan, sai na ga inda ya fi rai shi ne wurin abokan nan huɗu suna shan shayi suna karanta wa juna rubutunsu, suna kushe wa juna. Biyu daga cikinsu yaƙin ya ci. Dodannin cikin hayaƙi kuwa, waɗanda suka fi burge ni da farko, su ne suka fi kama da ƙarya. Iyalin marubucin ma sun fitar da sanarwa tun kafin a fara nuna fim ɗin cewa ba da yawunsu aka yi shi ba. Wannan ya sa na tambayi kaina, in da nawa ya kai ga na'urar ɗaukar hoto, da wane ido zan dubi 'ya'ya da jikokin Ɗanƙwairo, waɗanda wasunsu suka riƙe kiɗan gidan?

Akwai kuma matsalar wuri. Ƙasar da yaron ya taka ba ita ce ta yanzu ba. Madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978 ta shanye ƙauyuka da gonaki a ƙasar Maradun, ta kuma sauya yadda gulbi ke malala a fadamun da ke ƙasa da ita har zuwa Bakura. Gulbin da na zaunar da Musa a bakinsa, na bayan dam ne, wanda ni na sani.

Na yaga fitowa ta farko na sake wata. Yanzu fim ɗin yana buɗewa ne da gayyar noma. Manoma sun jeru da galma, makaɗa na biye da su, ƙura ta tashi. Ɗankwanda na gaba, Kurna na dama da shi. Na'ura za ta bi sahun 'yan amshi ɗaya bayan ɗaya, manya da samari, sai a can ƙarshe a ga wani ɗan yaro rungume da gorar ruwan ubansa, yana buɗe baki tare da kowa. Ba za a ji muryarsa daban ba sai an yi minti ashirin ana kallo.

Ban samu na karanta wa Kawu wannan ba. Hanyar Maradun ta yi wuyar bi saboda 'yan bindiga, na yi ta ɗaga tafiyar, har Allah ya yi masa rasuwa da damina. Takardun suna nan cikin akwatina, an kai fitowa ta goma sha ɗaya, kuma har yanzu Musa bai zama jagora ba.