Haƙƙin Karen da Ya Daina Farauta

A watan Oktoba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Birnin Gwari saboda yaƙi da 'yan bindiga, wani malamin firamare ya fito da asuba zai tafi masallaci, sai ya tarar da kare kwance a bakin zaurensa. Ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Ƙafar gaba ta dama ta kumbura, wayar tarko ta nutse cikin nama, idanun kuma sun yi fari fat. Da tsagar kunne ya gane shi: karen kawunsa ne, maharbin da aka kashe a gona makonni biyar kafin nan, a wani ƙauye da ke gefen dajin Kamuku. Mutanen ƙauyen sun watse da abin da hannu zai iya ɗauka, ba wanda ya waiwayi kare. Shi kuwa ya san gidan, domin nan kawun yake sauka duk ranar kasuwa.

A ƙasar Hausa, zaman kare a gida bisa sharaɗi ne. Malamai suna karantar da cewa an yarda a riƙe shi don farauta, ko tsaron gona, ko kiwo. A mazhabar Malikiyya da ake bi a nan, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake al'ada ta fi fiƙihu tsanani a kansa. Ko ta ina aka duba, aikinsa ne izininsa. Wannan kuwa ba ya gani, ba ya gudu, haushi ma ya gagare shi.

Matar malamin ce ta fara magana, kuma tana da hujja. "Malam, yara huɗu ne a gidan nan. In mahaukaci ne fa?" Ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a duniya duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tsira. Kare mai ɗauke da cutar a miyau ba ya wuce kwana 10 bai nuna alama ba, amma tana iya ɓoyewa a jiki watanni kafin ta kai miyau. Saboda haka aka ɗaure shi a kangon bayan gida, aka hana yara zuwa, malamin kaɗai ke kai masa ruwa da sauran tuwo.

Likitocin dabbobi suna Kaduna da Zariya, hanyar Kaduna kuwa, mai fiye da kilomita 100, a lokacin mutum ba ya binta sai dole. Wani tsohon malamin dabbobi da ya yi ritaya a garin ne ya yanke wayar, ya wanke raunin. Da ya ga farin idon da kumburin kaluluwa, sai ya yi zargin sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa dabbobi a irin wannan daji. Maganin da makiyaya ke yi wa shanu allura da shi, Berenil, yana aiki a kan kare, amma tazarar da ke tsakanin warkarwa da kisa ƙanƙanuwa ce: in ya ɗan wuce kima, yakan taɓa ƙwaƙwalwa. Sai da suka rataya karen cikin buhu a sikelin mai sayar da hatsi, suka san nauyinsa, sannan aka auna allurar. Ido ɗaya ya washe. Ƙafar ta warke a shanye. Rigakafin hauka bai samu ba sai bayan watanni, da wani ɗan'uwa ya kawo shi daga Kaduna cikin kular ƙanƙara.

A Amurka da Ingila, karɓar kare marar lafiya daga gidajen ceton dabbobi abu ne sananne, kuma cikin waɗanda ake karɓa har da buldok na Faransa. A 2022 wannan ɗan kare mai shafaffen hanci ya zama na ɗaya a rajistar karnukan Amurka. Masu kiwo ne suka yi ta zaɓen masu gajeriyar fuska don kyan gani, har numfashi ya zama masa wahala, zafi kaɗan ya galabaita shi, yawancin 'ya'yansa ma sai an yi wa uwar tiyata ake fito da su. In kuɗin asibiti ya yi yawa, wasu masu shi sukan sallama shi. Tsakaninsa da karen Kamuku akwai nisa: ɗaya an so shi don ado, ɗaya don nama. Amma dukansu hannun mutum ne ya nakasa su, kuma dukansu an juya musu baya ranar da ɗawainiya ta fi amfani.

Maƙwabta ba su yi shiru ba. A garin da 'yan gudun hijira ke kwana gidajen dangi, wasu na ganin kashe kuɗi a kan gurgun kare almubazzaranci ne. Maganar ta dami malamin, domin shi ma matar kawun da 'ya'yanta uku suna kansa. Ya je wurin limamin unguwa ya ce, "Allah gafarta Malam, karen da ba ya farauta, ba ya gadi, ya halatta in riƙe shi?" Liman ya tuna masa labarin da kowane almajiri ya sani, na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, ya ce ba a ji an tambayi aikin wancan karen ba. Matar kawun ta ƙara nata. Shekara shida, in ji ta, zomo da gafiyar da karen nan yake kamowa ne naman miyarsu. Ba sadaka ake yi masa ba, bashi ake biya.

A watan Nuwamba na 2024, bayan sulhun da gwamnatin jihar Kaduna ta ƙulla, aka sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari, mutane suka fara komawa gonakinsu. Babban ɗan kawun ya zo ɗaukar mahaifiyarsa. Ya tsuguna ya duba karen, ya ce, "Yaya, wannan ba zai ƙara iya daji ba." Malamin ya ce ya sani. Karen yana nan a bakin zaure, yara suna kiransa Baƙo, takardar rigakafinsa kuma tana cikin akwati ɗaya da takardun haihuwar yaran gidan.