Jirgin Kara: Kada Mu Bari Ya Ɓace



A Turai, mutum yakan sayi kwali cike da gutsattsarin katako da zare, ya shafe watanni yana harhaɗa ɗan ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai, irin Cutty Sark na 1869. Mu a Kafanchan ba mu da teku. Jirginmu na ƙasa ne, tun da layin dogo ya haɗa garinmu da Jos a 1927.

Shi ya sa muna yara jirgin ƙasa muke ƙerawa. Bayan girbi mu tsinto karan dawa, mu feƙe ɓawonsa ya zama ƙusa, totuwar ta zama tarago. Gwangwanin madara ne kan jirgi, tayoyi kuwa daga tsohon silifa muke yankowa. In taya ɗaya ta ɗara 'yar'uwarta, tarago ya kife. A nan na fara koyon awo da haƙuri.

Yau na roba muke saya wa yaranmu, ya karye a yar. Iyaye, kakar bana a ware musu kara, a zauna tare da su. Wanda ya iya, ya koyar tun hannu bai manta ba.