Gadon da ba a raba ba

Jama'ar Birnin Kebbi da Argungu,

Idan aka yi mana rasuwa, ba ma kuskuren lissafa gonar fadama, shanu, gida da buhunan shinkafa. Abin da muke tsallakewa shi ne akwatin ƙarfen marigayi. A ciki akan tarar da littafin ajiya na Bank of the North, wanda ya narke cikin Unity Bank a 2006, ko takardar hannun jarin da malaman makaranta da ma'aikata suka saya wajen 2005, lokacin da bankuna ke fafutukar tara jarin naira biliyan 25. Ga kuma asusun da manoman shinkafa suka buɗe bayan Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen noma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. Wasu tun da suka karɓi taki da iri ba su sake waiwayarsa ba.

Irin wannan kuɗi bai mutu ba. Dokar Kuɗi ta 2020 ta ce ribar hannun jarin da ta shekara shida ba a karɓa ba za ta koma wani asusun amana, ta zama bashi a wuyan Gwamnatin Tarayya har ranar da mai ita ya zo. A Yulin 2024 kuma Babban Bankin Nijeriya ya ce ajiyar da ta shekara goma ba a taɓa ba a miƙa masa ya riƙe. A 2023 SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, ta ce ribar da ke jiran masu ita ta kai kusan naira biliyan 190. Sai dai gwamnati ba ta bin gida-gida tana sallama.

Hanyar karɓa ta bankinka take. Ka je reshe da katin shaida da BVN, ka cike takarda. In hannun jari ne, ka duba sunanka a shafin SEC, sannan ka cike fom ɗin e-dividend. In mai kuɗin ya rasu, magada su nemi shaidar mutuwa da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu.

Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne suna. Takarda ta ce Garba Argungu, BVN ya ce Abubakar Muhammad, alhali mutum ɗaya ne. Takardar rantsuwa daga kotu ce ke warware wannan. Wanda kuma ya bugo waya yana neman lambar sirrin katinka wai zai fito maka da kuɗin, ɓarawo ne, kashe wayarka.

Wani zai ce 'yan canji ne, ba su kai kuɗin motar zuwa Birnin Kebbi ba. To, a duba tukuna. In na mamaci ne, haƙƙin marayu da matan da ya bari ne, babban wa ba shi da ikon yafe shi a madadinsu. Kafin a kira malam rabon gado, a fara buɗe akwatin nan.

Allah Ya jiƙan magabatanmu. Ku tura wa 'yan uwa.